Tsohuwar Manhaja, Sabuwar Fuska: Shin Sauya Alamomin Fayiloli Na Jawo Sababbin Masu Amfani?

Matashi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Ya yi sabuwar laftof, cikin 'yan watanni hotuna da bidiyo da takardun makaranta suka cakuɗe masa a ciki. Yayansa, wanda ya daɗe a harkar gyaran kwamfuta, ya ce masa ya sauke wata manhaja mai suna Total Commander, zai gode masa daga baya.

Ya sauke. Abin da ya fara bayyana a allonsa shi ne hoton faifan fulofi, wanda shi ne tambarin manhajar, abin da bai taɓa riƙewa a hannunsa ba tunda aka haife shi. Da ya danna, sai wani ɗan akwati ya fito yana tuna masa cewa manhajar ta kuɗi ce, ya kuma umarce shi ya danna ɗaya daga cikin maɓallai uku, 1 ko 2 ko 3, kafin ya wuce.

Sai allon ya rabu gida biyu, jerin fayiloli a hagu, wani jerin a dama. A sama ga 'yan mitsi-mitsin hotuna a jere, babu rubutu a ƙarƙashinsu. A ƙasa ga F3, F4, F5 har zuwa F8. Yaron bai yi minti biyu ba ya rufe, ya ce wa yayansa ai wannan ta zamanin da ce.

Bai tsaya ya ga cewa manhajar na iya sauya wa hotuna dubu suna a lokaci guda ba. Bai ga tana kwatanta folda biyu ta nuna masa fayil ɗin da ya ɓace a ɗaya ba, ko tana buɗe matsattsen fayil ta nuna abin da ke ciki ba tare da an warware shi ba. Duk abin da yake bukata yana nan, fuskar ce ta kore shi.

Irin wannan ne ya sa ake ta ja-in-ja, shekara da shekaru, tsakanin masu ƙera manhajojin kula da fayiloli da masu amfani da su. Wasu na cewa a sabunta alamomin da manhajar ke zuwa da su tun asali, don sababbin jini su shigo. Wasu na cewa a bar musu abinsu yadda suka saba. Magana ce a kan 'yan hotunan da ba su kai girman farce ba, amma tana tayar da jijiyar wuya.

Asalin 'yan hotunan

Kafin shekarun 1980, wanda ke son ganin fayilolinsa sai ya rubuta wa kwamfuta umarni da haruffa. Kamfanin Xerox na Amurka ne ya fito da kwamfutar Star a 1981, wadda ta mayar da allo teburin ofis: ga takarda, ga folda, ga tiren wasiƙu. David Canfield Smith, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin, shi ne ya kawo tunanin amfani da ƙaramin hoto a madadin umarni tun a binciken digirinsa na uku a jami'ar Stanford.

A 1984 Apple ya fito da Macintosh. Mai zane Susan Kare ce ta zana yawancin alamominta, a fili mai ɗigo 32 a tsaye da 32 a kwance, baƙi da fari kawai. A cikin wannan ɗan fili ta fitar da kwandon shara da agogon hannu da kwamfuta mai murmushi. Daga baya ta yi wa Microsoft aiki a kan Windows 3.0 ta 1990. Windows 95 kuma ta kafa foldar nan mai ruwan ɗorawa a idon duniya, har yau ba ta gushe ba.

Tun daga nan salo yake ta juyawa. Windows XP ta 2001 ta zo da alamomi masu launi da inuwa. Vista ta 2007 ta ƙara musu sheƙi, ta kai girmansu ɗigo 256. Daga 2012 zuwa 2013, da Windows 8 da iOS 7, sai aka yi watsi da sheƙin gaba ɗaya aka koma zane shimfiɗaɗɗe marar inuwa. Duk manhajar da ta tsaya a salon wani zamani, ido na gane shekarunta da kallo ɗaya.

Aikin mutum ɗaya, fiye da shekara 30

Total Commander ta fito ne a 1993, da sunan Windows Commander. Christian Ghisler, ɗan ƙasar Suwizalan, shi ya rubuta ta, kuma shi ke kula da ita har yau. A 2002 ya sauya mata suna bayan Microsoft ya nuna cewa kalmar Windows mallakinsa ce. Tsarin allo biyu da maɓallan F ɗin nan ta gaje su ne daga Norton Commander ta 1986: F5 kwafa, F6 matsarwa, F7 sabuwar folda, F8 gogewa. Wanda ya koyi wannan a zamanin DOS, kafin Windows ta bazu, yatsunsa ba su manta ba.

Manhajar ƙarama ce, 'yan megabait kaɗan, tana tashi nan take ko a tsohuwar kwamfuta. Tana da masoya na gani-kashe-ni, musamman a Turai ta Tsakiya da ta Gabas da Rasha. Da yawansu sun yi shekara ashirin ko fiye suna amfani da ita kullum.

Ba a ce Ghisler ya toshe kunnensa ba. A siga ta 9, wadda ta fito a 2016, ya kawo sabon jerin alamomi na layin maɓallai, ya kuma bar tsofaffin ga mai so. A 2020 ya ƙara yanayin duhu, inda allon ke zama baƙi rubutu ya zama fari. Amma tambarin fulofin yana nan, kuma kamannin manhajar gaba ɗaya na Windows ɗin da ne. Kamfanin Sony ya daina ƙera faifan fulofi tun 2011. Ko gwamnatin Japan, wadda ta daɗe tana riƙe da shi a ofisoshinta, ta soke dokokin da ke wajabta amfani da shi a 2024.

Inda tsofaffin alamomi ke gazawa

Masu neman sauyi ba kwalliya kawai suke nema ba, ko da yake abokan jayayyarsu haka suke ɗauka. Akwai matsaloli na zahiri.

Ta farko ita ce girman allo. An zana tsofaffin alamomin ne da ɗigo 16 ko 32 a kowane gefe, don allon da faɗinsa bai wuce ɗigo 640 ko 800 ba. Allon zamani mai kaifi faɗinsa na kaiwa ɗigo 3,840. Idan aka bar tsohuwar alama a girmanta na asali a kan irin wannan allo, sai ta ƙanƙance har ido ya kasa rarrabe ta. Idan kuma aka buɗa ta, sai ta yi dishi-dishi, gefenta ya yi kaca-kaca. Maganin shi ne a sake zana ta da layuka da lissafi, yadda za ta miƙe ko ta tsuke ba tare da ta lalace ba. To tunda za a sake zane, ai dole a yi maganar salo.

Ta biyu ita ce yanayin duhu. Alamar da aka zana da baƙin layi don farin allo, ɓacewa take yi idan allon ya koma baƙi.

Ta uku, wadda a ganina ta fi sauran nauyi, ita ce amana. Mutumin da ya sauke manhaja daga intanet ba shi da hanyar sanin ko masu ita na kula da ita. Ba zai karanta tarihin gyare-gyarenta ba. Kallonta zai yi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Idan ya ga fuskar 1998, zai ɗauka an yi watsi da ita, ko ma ya ji tsoron tana ɗauke da ƙwayar cuta. Kuma manhajar kula da fayiloli ba wasa ba ce, ita ake ba ikon gogewa da matsar da duk abin da mutum ya mallaka a kwamfutarsa. Manhajar da ake gyarawa duk 'yan watanni tana iya rasa mai amfani saboda ta yi kama da wadda ta mutu.

Hujjar masu cewa a bar musu abinsu

Masu neman sauyi kan yi saurin cewa sabo turken wawa. Wannan rashin adalci ne ga mutanen da suka riƙe manhajar da kuɗinsu da lokacinsu tun kafin a haifi wasu daga cikin masu sukar.

Wanda ke aiki da fayiloli ɗaruruwa a rana ba karanta alama yake yi ba, kuma ba kallonta yake yi da kyau ba. Gefen idonsa ne ke cafke launi da siffa, hannu ya riga tunani isa wurin. Ja a kusurwar can, gogewa ke nan. Ruwan ɗorawa, folda. Ranar da aka mayar da duk alamomin siraran layuka masu launin toka, sai ya koma yana tsayawa a kan kowace yana tunani. Daƙiƙa ɗaya ce, amma sau ɗari biyu a rana. Wani lokacin ma ba daƙiƙa ake asara ba, fayil ne ake gogewa bisa kuskure.

Suna da wata hujjar mai ƙarfi. Tsofaffin alamomin, duk da muninsu, an zana su ɗigo bayan ɗigo da hannu don a gane su a ƙaramin fili. Kowace da siffarta. Salon zamani kuwa yakan fifita kamanceceniya, a sa duk alamomi su zama 'yan gida ɗaya, kauri ɗaya, launi ɗaya. A hoton talla abin na da kyau. A wurin aiki kuwa, kamanceceniyar ita ce matsalar, musamman ga mai raunin gani, ko wanda ba ya rarrabe ja da kore, lalurar da a wasu ƙasashe ke shafar kusan namiji ɗaya cikin goma sha biyu.

Sai kuma tambayar da suke yi wadda ba ta da amsa mai sauƙi: lokacin da mutum ɗaya ko 'yan sa-kai biyar za su kashe wajen zanen hotuna, me ya sa ba za a kashe shi wajen gyara kurakurai ba?

Manyan kamfanoni ma sun yi tuntuɓe

Wanda ke ganin tsoron tsofaffin masu amfani ba shi da tushe, ya dubi abin da ya faru da kamfanonin da ke da ɗaruruwan ƙwararrun masu zane.

A farkon 2015, lokacin gwajin Windows 10, Microsoft ya fito da sababbin alamomi, ciki har da wani kwandon shara da ya sha suka har aka sake zana shi kafin a saki Windows ɗin a watan Yuli. A watan Oktoban 2020 Google ya sauya alamomin Gmail da Drive da Calendar da Meet, ya rina su duka da launukansa huɗu. Koke ya yi yawa cewa a kan waya ba a bambanta su da kallo ɗaya, alhali a da ambulan ɗin Gmail mai jan harafin M ko daga nesa ana gane shi.

Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoban 2021, ta fi ba da darasi, domin a kan manhajar fayiloli abin ya faru kai tsaye. Sababbin alamomin File Explorer sun ba foldar hotuna da ta takardu da ta abubuwan da aka sauke launuka daban-daban, kuma wannan ya taimaka. Amma a jerin zaɓin da ke fitowa idan an danna gefen dama na linzami, sai aka cire rubutun yankewa da kwafa da sauya suna da gogewa, aka bar 'yan hotuna kawai a jere. Mutane suka riƙa neman inda sauya suna ya shiga. Sai a 2024 Microsoft ya mayar da rubutu a ƙarƙashin hotunan. Haka kuma an cire ɗan hoton da ke leƙowa daga cikin folda yana nuna abin da ke ciki, aka dawo da shi a 2022.

Apple ma bai tsira ba. A watan Yunin 2025, a sigar gwaji ta farko ta macOS Tahoe, ya juya launukan fuskar Finder, manhajar fayilolinsa, shuɗin da ke hagu ya koma dama. Cikin makonni kaɗan, a sigar gwaji ta biyu, ya mayar da shuɗin mazauninsa.

A duk waɗannan, ba sabuntawar ce ta jawo fushi ba. Abin da aka ƙi shi ne a taɓa abin da ake gane alamar da shi: launinta, siffarta, ko sunan da ke ƙarƙashinta. Cibiyar Nielsen Norman, wadda ta daɗe tana nazarin yadda mutane ke amfani da manhajoji, ta sha nanata cewa alamomi ƙalilan ne kowa ke ganewa ba tare da rubutu ba, don haka a riƙa haɗa hoto da suna.

Baƙo ba ya shiga saiti

Amsar da tsofaffin hannu suka fi bayarwa ita ce: ai manhajar na ba da damar sauya alamomi, wanda ba ya son na asali ya sauko da wasu ya ɗora. Gaskiya ne, Total Commander da sauran manhajojin fayiloli irin su Double Commander da Dolphin da Thunar duk suna ba da wannan dama.

Sai dai wannan amsa ta juya lamarin a baibai. Masanin tsara manhajoji Jared Spool ya taɓa ba da labarin wani bincike da suka yi a kan masu amfani da Microsoft Word, inda suka tarar ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne suka taɓa sauya wani saiti. Sauran duk yadda manhajar ta zo haka suke amfani da ita. Baƙon da ya buɗe manhaja yau bai san akwai wani jerin alamomi ba, bai san inda ake ɗora shi ba, kuma ba zai zauna ya koya ba don abin da bai riga ya so ba.

Wanda ya san hanyar saiti shi ne tsohon hannu. Shi ne zai iya mayar da tsofaffin alamominsa cikin daƙiƙa goma. Saboda haka idan dole wani ya ɗauki wahalar shiga saiti, wanda abin ya fi wa sauƙi ya kamata ya ɗauka. Wannan ita ce hujjar da ta fi gamsar da ni a duk muhawarar.

Wa zai zana, wa zai biya?

Faɗar a sabunta ba ta da wuya. Manhajar fayiloli na bukatar alamomi ɗaruruwa: na maɓallai, na nau'o'in fayil, na faifai da filashi da katin ajiya da na'urorin sadarwa. Kowace sai an gwada ta a ƙarami da babba, a farin allo da baƙi. Idan aka sabunta rabi aka bar rabi, abin ya fi muni fiye da a bar shi duka. Ga kuma batun haƙƙin mallaka, domin ba kowane zanen da ke intanet ne ake da izinin sakawa cikin manhajar sayarwa ba.

A duniyar Linux sun rage wa kansu wannan nauyi ta hanyar amincewa da sunaye na bai-ɗaya ga alamomi, yadda jerin zane ɗaya zai yi wa manhajoji da yawa aiki. KDE, masu Dolphin, sun tashi daga salon Oxygen mai sheƙi na 2008 zuwa Breeze a 2014, kuma ba su hana mai son Oxygen ɗora abinsa ba. GNOME sun sake zana alamomin manhajojinsu a 2019. Xfce, masu Thunar, waɗanda aka sani da rashin gaggawar sauyi, sun fito da nasu sabon jerin a ƙarshen 2020. Yawancin wannan aiki 'yan sa-kai ne suka yi shi.

Yadda abin ya shafe mu

A nan ƙasar Hausa, maganar alama ta wuce ta ado. Dubi mai shagon tura fina-finai da waƙoƙi da karatuttuka a waya, a kasuwar Farm Centre ta Kano ko a kowace tasha. Wuninsa a cikin manhajar fayiloli yake yi: ya soka katin ajiya, ya buɗe folda, ya kwafa, ya zare, na gaba ya miƙo nasa. Dubi dattijuwar da ke neman karatun da jikanta ya tura mata, a wayar da duk rubutunta Turanci ne. Ba sunan folda take karantawa ba, hoton take bi.

Kamar mai zuwa kemis ne ya ce a ba shi maganin nan mai jan kwali. Ranar da kamfanin ya sauya kwalin, ko maganin bai canza ba, sai an sha fama kafin ya yarda shi ne. Ga wanda bai iya harshen da ke kan allo ba, alamar ita ce sunan abin gaba ɗaya.

Wannan na nufin ɓangarorin biyu duk suna da gaskiya a kanmu, har fiye da yadda suke da ita a kan Bature. Alama mai kyau, bayyananna, tana buɗe wa wanda bai yi boko ba ƙofar da rubutu ya rufe masa. Sauyi na ba-gaira-ba-dalili kuwa irin wannan mutum ya fi cutarwa, domin ba shi da rubutun da zai koma wa. Ga kuma kwamfutocinmu, da yawansu na hannu ne, masu ƙaramin allo marar kaifi. Siririn layin da ke da kyau a allon mai zane a Kalifoniya yana iya zama ba a ganinsa sam a tsohuwar laftof ɗin shagon buga takardu.

Fuska kaɗai ba ta riƙe mutum

Akwai abin da ya kamata masu neman sauyi su ma su ji. A 2021 mujallar The Verge ta wallafa rahoto inda malaman jami'a ke kokawa cewa ɗalibai da yawa ba su fahimci tsarin folda a cikin folda ba. Sun taso da waya, inda ake rubuta suna a akwatin nema abu ya fito. Irin wannan matashi, ko an zana masa folda mafi kyau a duniya, tambayarsa tana nan: me zan yi da allo biyu?

Sabuwar alama za ta iya sa ya ƙara minti biyar kafin ya rufe. Abin da zai faru a cikin minti biyar ɗin shi ne zai sa ya zauna ko ya tafi. Shin ya gane cewa daga hagu ake kwafa zuwa dama? Shin maɓallan na da suna a harshen da yake ji? Shin idan ya yi kuskure akwai hanyar dawowa? Manhajar da ta sabunta hotuna ta bar waɗannan, ta ɓata wa tsofaffin masoyanta rai ne a banza.

Duk da haka, hukuncina yana tare da masu cewa a sabunta. Manhajar da ba ta samun sababbin masu amfani tana tsufa ne tare da masu ita, kuma asara ce aiki mai inganci na shekara talatin ya ɓace saboda hoton ɗigo 16. A sake zana alamomin na asali yadda za su fito tas a kowane allo. A bar wa folda ruwan ɗorawarta, a bar wa gogewa janta, kada a sauya wa maɓalli mazauni. A sa suna a ƙarƙashin kowane hoto, wanda ya ƙware ya cire da kansa. Tsohon jerin kuma a ajiye shi a cikin manhajar, a tambayi mutum tun ranar farko wanne yake so, kuma kada a taɓa sauya wa wanda ya riga ya zaɓa.